Ɗakin Auta a Talabijin

Wata uku ke nan da Baba ya yanke hukunci a kan maganar auren Auta da saurayinta Kafinta, kuma hukuncin gajere ne. Ya ce shi ba ya ba ɗan fim 'yarsa.

Auta ta yi bayani har muryarta ta dishe. Ta ce Kafinta ba ya fitowa a fim, ko inuwarsa ba a taɓa gani ba, aikinsa gina ɗakunan da ake ɗaukar fim a ciki ne, katako da fenti da ƙusa. Baba ya ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Daga ranar ya hana ta ɗaga wayarsa, ya kuma ce idan ya sake ganinsa a ƙofar shagon ɗab'insu, sai ya sa an kore shi.

Abin dariyar shi ne, rabin cinikin shagon daga fim yake zuwa, kuma Baba ya sani. Auta ce mai zane a shagon, ita ke tsara bangon littafi da allon talla da kwalin sabulu. Idan aiki ya cije mata, sai ta kunna fim ta kashe muryar, ta riƙa tsayar da shi tana kallon yadda haske ya faɗo a kan bango, ko yadda jar riga ta zauna a gaban koren ƙofa, tana kwafe launukan a littafinta. Umma takan ce Auta kaɗai ce a duniya za ta kalli fim sau huɗu ba ta san wa ya auri wa ba.

Har ɗakin kwananta daga wani tsohon fim ta ɗauko shi. Bango uku ruwan toka, na huɗu kore mai duhu wanda bai kai rufi ba, ya tsaya a kan wani siririn layi ruwan zuma. Fitila ta sauko ƙasa sosai a hagun gado. Kantocin littattafai kuma sun hau bango kamar matakala.

Ranar Asabar bayan cin abincin rana suna zaune a falo. Baba na karanta jarida, Umma na ɗinke maɓallin riga. Yaya, babban wan Auta, ya shigo da abokinsa Mai Labule, wanda ke da katafaren shagon labule da kayan ɗaki a bakin titi. Tun kafin a kori Kafinta yake zarya a gidan da ledoji a hannu, kuma kowa ya san ba Yaya yake zuwa gani ba.

Yaya ya ɗauki rimot ya ce akwai wani sabon shiri da gari ya ɗauka, bari su gani. Auta ta yi mamaki, don Yaya in ba ƙwallo ba, ba ya kallon komai.

An yi kamar minti goma ana surutu a talabijin, sai jarumar ta tura ƙofar ɗakinta ta shiga. Allurar Umma ta tsaya.

"Auta, wannan ba ɗakinki ba ne?"

Auta ta ɗago. Koren bango, siririn layi, fitila a hagun gado, kantoci kamar matakala, labule ruwan zuma.  Kafin ta yi magana wani saurayi ya biyo jarumar cikin ɗakin, ya zauna a bakin gadon.

Baba ya naɗe jaridarsa a hankali. Yaya bai jira an ce masa ba, ya tura shirin zuwa ƙarshe inda sunaye ke hawa, ya tsayar da shi daidai kan layin da aka rubuta wanda ya tsara ɗakunan. Sunan Kafinta ne.

Mai Labule ya miƙe yana gyara agogonsa, ya ce wannan maganar gida ce, bari ya ba su wuri. Da zai wuce ta gaban Auta ya girgiza kai kamar mai jaje.

"Sau nawa ɗan fim ɗin nan ya shiga ɗakinki?" in ji Baba.

"Wallahi Baba ko ƙofar falo bai taɓa takawa ba."

"To a mafarki ya auna bangon?"

 Umma ta fara kuka a hankali, tana cewa yanzu duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin, daga ƙawaye har 'yan uwa, zai gane, kuma bakin mutane ba ya da ƙofa. Yaya ya ce shi dama ya faɗa, irin waɗannan mutanen ba su san sirri ba, komai nasu na nunawa ne. Baba bai ɗaga murya ba. Ya karɓe wayar Auta ya sa a aljihu, ya ce daga gida sai shago, daga shago sai gida, kuma Yaya ne zai riƙa kai ta yana ɗauko ta. Sannan ya ce Mai Labule mutumin kirki ne, ya daɗe yana jira, shi kuma ya gaji da ba shi haƙuri.

Ta shiga ɗakin da ya zama abin kallon gari ta zauna a ƙasa. Wanda ta fara zargi shi ne Kafinta.

Ta tuna ranar da ya zo shago buga allunan ƙarya na wani titin fim, ta buɗe masa littafinta ta nuna masa zanen ɗakin tun ba a taɓa bangon ba. Ya daɗe yana kallo, har ya sa yatsa a kan siririn layin ya ce wannan layin ne ya riƙe ɗakin duka. A lokacin daɗi ta ji. Yanzu kuwa sai take ganin yatsan nan kamar na mai auna kayan da zai ɗauke. Ko ramuwa ce ya yi don Baba ya kore shi? Ko tun farko zanenta yake so ba ita ba?

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Umma ta riƙa shigowa da dabara, yau ta ce tsintsiya take nema, gobe ta ce almakashi, idonta kuwa yana kan taga, tana duba ko ƙarfen jikinta yana cirewa. Wannan ya fi faɗan Baba yi wa Auta ciwo.

Ranar Litinin Yaya ya ajiye ta a shago ya wuce. Injin ɗab'i na ta ƙara a ɗakin baya, Baba na can yana duba wani aiki. Auta ta zauna gaban kwamfuta, ta nemo shirin, ta kashe muryar kamar yadda ta saba, ta tsayar da shi a kan ɗakin.

Da farko hawaye ya hana ta gani. Ta share, ta fara kallonsa a matsayin aiki. Koren ya ɗan fi nata haske, saboda fitilun ɗaukar fim. Layin daidai. Ta ƙirga kantocin: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

A ɗakinta uku ne.

Ta jawo littafinta. A zanen da ta nuna wa Kafinta kantoci huɗu ne, gaskiya, amma labulen fari ne. Sai daga baya ta canza ra'ayi ta zaɓi ruwan zuma, bayan Baba ya riga ya raba su. Kantar littattafai ta huɗu kuwa ita da hannunta ta kwance ta, a yammacin ranar da aka rataya labulen, saboda tana gogar ƙarfensa.

Ke nan labule ruwan zuma da kanta ta huɗu ba su taɓa zama tare a ɗakin ba sai na 'yan sa'o'i a rana guda. Kuma a ranar mutum uku ne suka shiga: ita, da Yaya, da Mai Labule, wanda ya nace shi da kansa zai hau tsani ya rataya mata.

Ta daɗe tana kallon allon. Wannan ya nuna hoto aka ɗauka, amma bai wanke Kafinta ba, don ko wa ya ɗauka, hannunsa ne ya gina.

Da tsakar rana Baba ya ce takarda ta ƙare, zai je ya zaɓo da kansa, ba zai daɗe ba. Yana fita ta ɗauki jakarta ta bi ta ƙofar baya.

Wurin aikin Kafinta wani tsohon sito ne mai dogon rufi. Ƙamshin katako da fenti ya tare ta tun daga ƙofa. Bangaye marasa ɗaki na jingine da juna, ga ƙofar da ba ta shiga ko'ina, ga matakalar da ta hau ta tsaya a iska. A can ƙurya ta hango koren bangonta, an kwance shi gida biyu.

Yana kan benci yana goge wani katako. Da ya gan ta ya ajiye, amma bai yi murmushi ba. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

Ba ta gaishe shi ba. Ta tambaye shi inda ya samo ɗakinta.

Ya ce darakta ne ya turo masa hoto. Mai Labule ne ya ba su labule da kujeru kyauta na shirin gaba ɗaya, da sharaɗin a gina ɗakin jarumar daidai da hoton, kada a canza ko ƙusa. An ce musu ɗakin gwaji ne a shagonsa.

"Kuma ka yarda?"

"Ban yarda ba. Ina ganin layin nan na san hannunki ne."

"Ka san nawa ne, ka gina."

Ya murza ƙurar katako a yatsunsa. Da ya yi magana, ba ya kallonta.

"Auta, na kira ki sau nawa ba ki ɗaga ba. Na ce to dokar Baba ce, na haƙura. Sai ga hoton ɗakin kwananki ya fito daga wayar mutumin da ke neman aurenki. Ni ko ƙofar gidanku ban taɓa wucewa ba. Me kike so in ɗauka?"

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe yayin da take zarginsa, shi ma zarginta yake yi, kuma nasa ya fi muni.

"Wato abin da ka ɗauke ni ke nan," ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. "A gida an ce kai na shigar ɗakina. Nan kuma ka ce shi na shigar. Kowa ya samo mini namijin da zai ajiye a bakin gadona, babu wanda ya tsaya ya tambaye ni. Mahaifiyata tana duba ƙarfen tagata, ka sani? Tana zaton ban gani ba."

Ya dafe goshinsa. Ya ce bai san abin zai kai gidansu ba. Ya ce kwana shida ya yi yana gina ɗakin, kullum yana cewa gobe zai ajiye aikin, amma haushi ya hana shi. Ya ce ya so ne ta kunna talabijin wata rana ta gani, ta san ya sani. Da ya zo kan siririn layin sai da ya ja shi sau uku kafin ya fito daidai. Muryarsa ta karye a nan, ya juya mata baya yana gyara gwangwanayen fenti da ba su buƙatar gyara.

Tausayinsa ya taso mata, ta danne. Ta ce ya nuna mata hoton.

Ya miƙo wayar. Ɗakinta ne, ga tsani jingine a gefe, ga kanta ta huɗu. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, tana bin sa kusurwa kusurwa kamar yadda take bin fim. A gefen dama, ƙofar durowar kayanta ta ɗan buɗe, kuma akwai madubi a jikinta. A cikin madubin ana ganin rabin mutum ya ɗaga waya.

Ba Mai Labule ba ne. Shi ga ƙafarsa can a kan tsani. Mai riƙe da wayar sanye yake da riga mai ratsin shuɗi, wadda ita ta saya wa Yaya da hannunta.

Ta zauna a kan bencin ba ta san ta zauna ba.

Kafinta ya leƙo ya gani. Ya ce shi sau ɗari ya kalli hoton nan, bai taɓa kai idonsa madubin ba, saboda gadon kawai yake kallo. Ya durƙusa a gabanta cikin ƙurar katako ya roƙi gafara. Ya ce zai bi ta yanzu ya tsaya gaban Baba, ko da za a kore shi da sanda.

Ta ce a'a. Ta ce ya tura hoton zuwa kwamfutar shago kawai. Game da gafara kuma, ta ce ba ta da ita a hannu yau, kuma ba ta san ranar da za ta samu ba.

A hanyar komawa tunaninta na kan Yaya. Shi ya koya mata keke. Shi ya taɓa dukan wani yaro a makaranta don ya yaga mata zane. Ta yi ta neman wata fassara, ko ya ɗauki hoton ne don ɗakin ya burge shi, abokinsa ya roƙa ya tura masa ba da wata manufa ba. Amma duk inda ta bi sai ta dawo kan yadda ya tura shirin ya tsayar daidai kan sunan Kafinta, ba tare da ya nema ba.

Tana tura ƙofar baya ta gan su. Baba na tsaye kusa da damin sabuwar takarda, Yaya na gefensa da makullin mota a hannu, yana cewa ai ya faɗa, da an juya baya za ta gudu wurinsa. Ya nuna gefen siket ɗinta ya ce ga shaida nan, ƙurar katako ce.

"Can na je," in ji Auta. "Baba, ka ba ni minti biyar, bayan nan ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta wuce gaban kwamfuta. Ta tura hoton zuwa babban injin da suke buga allon talla, ta zaɓi takarda mafi girma. Injin ya fara fitar da ɗakinta a hankali, layi bayan layi, rufi da farko, sannan koren bango, sannan labule.

Yaya ya yi dariya ya ce yanzu kuma wane wasan kwaikwayo ne wannan. Da tsanin ya fara fitowa, dariyar ta tsaya. Ya ce shi yana da wurin zuwa. Baba ya ce ya tsaya.

Ta shimfiɗa takardar a kan teburin yanka, ta yi wa Baba bayanin kanta ta huɗu da labulen, da ranar da suka haɗu. Ba ta ambaci madubin ba. Baba ya shekara talatin yana neman kuskure a takarda kafin mai aiki ya gani, ta san idonsa zai kai.

Ya sa tabarau ya sunkuya. Ya bi bangon da yatsa, ya bi tsanin, ya tsaya a kan takalmin Mai Labule. Sannan yatsan ya matsa dama, ya tsaya a kan madubin, bai ƙara motsi ba.

Yaya ya fara magana da sauri. Ya ce don ita ya yi. Ya ce ta ƙi cire ɗan fim ɗin nan daga ranta, kullum tana zaune kamar marar lafiya, abokinsa kuma mutum ne mai rufin asiri da zai riƙe ta da daraja. Ya ce shawarar ma ba tasa ba ce, shi hoto kawai ya ɗauka, kuma bai zaci Umma za ta ɗauki abin da zafi haka ba.

"Kana zaune a falon nan," in ji Baba, bai ɗago ba, "na tambayi ƙanwarka sau nawa namiji ya shiga ɗakinta. Kana ji."



Baba ya cire tabarau ya ninke. Ya miƙa hannu, Yaya ya ɗora masa makullin motar. Ya ce ya je ya faɗa wa abokinsa ya aiko a kwance labulensa yau ɗin nan, kuma kada shi kansa ya zo. Yaya ya fita bai kalli kowa ba.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Auta na jiran ko Baba zai ce mata wani abu mai kama da haƙuri. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallon takardar, idonsa ya yi ja.

"Shi kuma wancan," ya ce, "ya san ɗakinki ne lokacin da yake ginawa?"

Ƙarya ɗaya ta isa ta wanke Kafinta tas, kuma babu mai ƙaryata ta. Ta ji kalmar ta zo har bakinta. Ta kalli ƙofar da Yaya ya fita.

"Ya sani, Baba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarta, ya ajiye a kan teburin, a tsakiyar koren bangon.

"Kira shi," ya ce. "Ki ce ina shago har ƙarfe biyar. Ya zo shi kaɗai, ke kuma ki tafi gida wurin uwarki."

Ta nemi wata alama a fuskarsa, ta fushi ko ta sassauci, ba ta samu ba. Ya riga ya juya yana kwance igiyar damin takarda. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata.

Ta ɗauki wayar ta kunna.